Ɗinkin Damtse Ba Ya Son Gaggawa

  Yau na ajiye alƙalamin soyayya a gefe, babu Yarima babu Gimbiya, saboda wata magana da ta fara yawa a bakin mata, a gidan biki da wurin kitso, har da cikin wasiƙun da kuke aiko mini. Maganar ita ce tiyatar gyaran damtse, da tambayar da ke bin bayanta: in an yi wa mace wannan aiki, yaushe za ta koma motsa jiki ba tare da ta jawo wa kanta jangwam ba?

Bari in ba ku kan zancen tun yanzu, saboda wadda za a kira aike kafin ta kai ƙarshen shafi. Ɗinkin da ya warke a ido bai warke a ciki ba. Sannan motsa jiki a wajenmu bai tsaya ga gidan motsa jiki da ɗaga ƙarafa ba. Taɓarya da guga da muciya da goyo duk suna cikin lissafi. Wadda ta riƙe waɗannan biyun, in Allah ya so ta tsira da hannunta.

WANE IRIN AIKI NE?

Idan mace ta yi ƙiba sosai sannan ta rame, ko kuma shekaru suka ja, fatar damtse takan saki, ta riƙa reto duk sa'ad da aka ɗaga hannu. Motsa jiki yana gina tsoka, yana kuma rage kitse, amma fatar da ta riga ta saki da yawa ba ya iya mayar da ita. To a nan ne wasu ke neman likita.

Aikin iri biyu ne. Akwai zuƙe kitse, wanda ake yin 'yan ƙananan huji a zura siririn bututu a tsotse kitsen. Wani likita ɗan Faransa mai suna Illouz ne ya yaɗa salon da ake bi yau, tun ƙarshen shekarun 1970. Akwai kuma babban, wanda likita zai tsaga cikin damtse tun daga hammata har kusa da gwiwar hannu, ya yanke rarar fata, ya haɗe ya ɗinke. Wannan wasu likitoci biyu 'yan Ajantina ne suka fara bayyana shi a rubuce a 1954. Sau da yawa ana haɗa biyun a aiki ɗaya, da allurar barci, a ɗauki kamar awa biyu ko uku ana yi.

A Amurka, ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasar ta ce waɗanda aka yi wa babban aikin a shekarar 2000 ba su wuce 300 da 'yan kai ba, amma a 2012 sun haura 15,000, kuma 98 cikin kowane 100 mata ne. Yanzu ga tiyatar rage tumbi, ga allurai irin su Ozempic masu sa mutum ya zube cikin 'yan watanni, don haka masu sakakkiyar fata sai ƙaruwa suke yi. Matanmu masu hali wasu suna tafiya Turkiyya ko Masar ko Dubai ko Indiya, wasu kuma a Legas ko Abuja ake yi musu.

Kada kalmar kwalliya ta ruɗe ki, 'yar uwa. Ƙasar nan ba ta manta ba, a watan Oktoba na 2005 uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan tiyatar kwalliya. Nata aikin a ciki aka yi, amma darasin ɗaya ne: duk inda aka shiga jikin mutum da ƙarfe, tiyata ce sosai, kuma jinyarta jinya ce sosai.

WAINA TA YI JA, CIKI ƘULLU

Duk wadda ta taɓa zama gaban tanda ta san wannan. In wuta ta yi yawa, sai ki ga bayan waina ya yi ja ya yi kyau, kina ɓarawa ki tarar da ɗanyen ƙullu. Haka ɗinki yake. Cikin kwana goma zuwa sha huɗu fatar sama ta haɗe, ciwo ya ragu, mace ta ji garau. Amma can ƙasa jiki yana nan yana saƙa wani irin zare nasa na halitta da likitoci ke kira kolajin, kuma saƙar ba ta sauri.

Ga lissafin da likitoci suka sani. A ƙarshen makon farko, ƙarfin wurin da aka ɗinke bai kai kashi 10 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, zaren likita ne kawai ke riƙe da shi. A mako na uku ya kai kamar kashi 20 zuwa 30. Sai wajen wata uku yake kaiwa kusan kashi 80, kuma a nan yake tsayawa, ba ya komawa yadda yake da. Kin ga ke nan ranar da kika ji kin warke, hannun naki ko rabin ƙarfinsa bai samu ba.

Ga kuma inda ɗinkin yake. Hammata mahaɗa ce, ba ta hutawa. Ki miƙa hannu ki ɗauko kofi, ta motsa. Ki sa riga, ta motsa. Ga gumi, ga zafi, ga fata tana gugar fata. Shi ya sa ɗinkin damtse ya fi yawan buɗewa ta wajen hammata. Bayan haka, aikin ƙarfi yana sa zuciya ta yi sauri jini ya hau, ƙananan jijiyoyin da aka toshe lokacin aiki su sake ɓallewa, jini ya taru ƙarƙashin fata. Yawan motsi kuma yana sa ruwa ya taru a gurbin da aka cire kitse, sai an koma an zuƙe shi da sirinji, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

AIKIN GIDA MA ƊAGA ƘARFE NE

Takardar da likitocin waje ke ba majinyata takan ce kada a ɗaga abin da ya wuce kilo biyu zuwa biyar har mako huɗu ko shida, kada a ɗaga hannu ya wuce kafaɗa a makonnin farko, kada a je gidan motsa jiki. Sai tamu ta karanta ta ce, ai ni dama ba na zuwa jim, wannan bai shafe ni ba. Tabɗijam! Zo mu auna kayan gidanmu mu gani.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 20 kilo 20 ke nan, ban da nauyin robar. Ledar fiya-wata ɗaya rabin kilo ce, jaka mai guda 20 kilo 10. Yaro ɗan shekara ɗaya yakan kai kilo 9 ko 10. Tukunyar tuwon gida mai mutum goma kuwa, ke ma kin san ba a sauke ta da yatsa biyu.

Sannan dubi yadda hannu ke aiki. Daka ɗaga taɓarya ne sama da kai a sauko da ita da ƙarfi, sau ɗari ko fiye. Jan guga a rijiya janyo nauyi ne hannu bi hannu. Tuƙin tuwo, matsar wanki, shanya a igiya, kakkaɓe katifa, ɗora bokiti a ka, sungumar yaro a wurga shi baya a goya, duk damtse da hammata ke yin su. Ko ɗaurin gwaggwaro da tsifar kai da sa doguwar hijabi, hannu sama da kafaɗa suke buƙata. Hatta riƙe ƙarfen a-daidaita-sahu in ya faɗa rami, fizga ce.

Akwai wata 'yar gwaggona da aka yi wa wannan aiki bayan ta rage ƙiba mai yawa. Mace mai kiyaye doka, ba ta ɗaga ko buta ba har kwana goma sha shida. Rannan gida ya cika da 'yan sannu da zuwa, ɗanta ɗan shekara ɗaya da rabi ya faɗi a tsakar gida ya tsala ihu. Uwa ai ba ta tsayawa lissafi, ta sunkuce shi ta saɓa a kafaɗa. Ta ce abin da ta ji kamar an ɓalle maɓalli a hammatarta. Wurin da ya buɗe bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma sai da ta yi kusan wata biyu tana zuwa wankin ciwo, kuma inda ya kamata tabo ya zama siririn layi, yanzu faɗinsa ya kai yatsa biyu. Kuɗin da ta kashe don ta sa rigar da take so, har yau mai dogon hannu take ɗinkawa. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Don haka tun kafin ranar aiki, ki nemi mai taya ki zama na aƙalla mako biyu zuwa huɗu, ƙanwa ko 'yar uwa ko mai aiki. In kina da ƙaramin yaro, ki zauna a ƙasa a ɗora miki shi a cinya. Maigida ma a gaya masa gaskiya tun wuri, tuwon hannunki sai bayan mako shida.

MATAKI-MATAKI

Abin da zan jero nan shi ne abin da akasarin likitocin wannan fanni ke bi. Amma jiki ya bambanta, aiki ya bambanta, kuma wanda ya riƙe wuƙar shi ya san abin da ya ɗinke. In maganarsa ta saɓa da tawa, ki bi tasa. Wadda zuƙe kitse kaɗai aka yi mata takan riga mai dogon ɗinki komawa harkokinta da 'yan makonni.

Makon farko: hutu, amma ba kwanciya kamar gawa ba. Tun ranar farko ko washegari ki tashi ki taka a hankali cikin ɗaki ko tsakar gida, minti biyar zuwa goma, sau da yawa a yini. Dalili kuwa, doguwar kwanciya bayan tiyata tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, in gudan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. In za ki kwanta, ki kwanta rigingine ki ɗora hannuwa kan filo su ɗan fi ƙirji tudu, kumburi ya sauka. Ki riƙa dunƙule yatsu kina buɗewa, kina juya wuyan hannu. Matsattsiyar safar damtse da za a ba ki, ki sa ta yadda aka ce, yawanci mako huɗu zuwa shida. In an sa miki 'yar robar da ke fitar da ruwa, kada ki ja ta, likita zai cire bayan 'yan kwanaki. Riga mai buɗewa ta gaba za ki riƙa sawa. Wajen salla ki ɗaga hannu iya inda ba ya ja, in kuma sujada tana sa ki dogara da hannu har ki ji ɗinki na miƙewa, malamai sun yi wa mara lafiya sauƙin yi a zaune.

Mako na biyu da na uku: ki ƙara tsawon tafiya, minti 15, 20, har 30, da sassafe ko da yamma lis, lokacin da ba za ki yi gumi ba. Kada ki riƙa wurga hannu. A wannan lokaci mai aikin zama a ofis ko 'yar jami'a takan iya komawa, amma ban da rataya jaka mai nauyi. Tuƙin mota sai kin daina shan maganin ciwo mai sa barci, kuma kina iya murɗa sitiyari da sauri ba tare da kin ji ja ba. Nan ne wurin da mata suka fi faɗawa, don jiki yana cewa na warke, alhali ƙarya yake yi.

Mako na huɗu zuwa na shida: in likita ya duba ya yarda, sai aikin ƙafa, kamar keken motsa jiki na tsaye ba tare da kin danna hannu da ƙarfi ba, ko tafiya da ɗan sauri, ko tashi-zauna a kujera hannu sake. A nan ne akan fara koya wa kafaɗa miƙewa. Ki tsaya gaban bango ki sa yatsu su riƙa hawa sama kamar gizo-gizo, inda kika ji ja sai ki tsaya, gobe ki ƙara kaɗan. Wannan yana da muhimmanci, don kafaɗar da aka daɗe ba a motsa ba takan sage. In ta ƙi sakewa, akwai masu gashin ƙashi a manyan asibitoci irin su Asibitin Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala, aikinsu ke nan.

Bayan mako shida: yawanci a nan likita ke sakin mara. Amma sakin mara ba ya nufin ki koma inda kika tsaya. Ki fara da robar ruwa 'yar rabin lita a kowane hannu, ki lanƙwasa ki miƙe sau goma, ki huta. Bayan mako guda ba kumburi ba ciwo, ki koma kilo ɗaya. Haka za ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Gudu da tsallen igiya suna girgiza damtse, su ma a hankali za a shigo da su. Iyo sai ɗinki ya rufe ruf babu ko ɓawo. Atisayen kifa ciki ana ɗaga jiki da hannu, da lilo a jikin ƙarfe, da daka, da jan ruwa, su ne na ƙarshe, ki ba su wata biyu zuwa uku. Dokar dai ɗaya ce: duk abin da kika yi yau gobe hannu ya kumbura ko ɗinki ya yi zafi, ki koma mataki na baya.

ALAMOMIN DA BA A JIRA DA SU

In hannu ɗaya ya kumbura farat ɗaya ya yi tauri, ko ɗinki ya buɗe, ko yana zubar da jini ko mugunya mai wari, ko wurin ya yi zafi rau, ko zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni, ki kira likita a ranar. In yatsu suka yi sanyi ko suka mutu, wataƙila safar ta matse da yawa, a duba. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura sharaɓa tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi yana sama-sama, wannan ba na waya ba ne, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare.

Wadda aka yi wa aiki a waje, kada ta yi ɗokin gida ta hau jirgi kwana biyu da tashi daga gadon tiyata. Daga Istambul zuwa Abuja zaman wajen awa shida ne, kuma dogon zama na ƙara haɗarin daskarewar jini. Ki ba shi aƙalla mako guda ko yadda likita ya ce, a cikin jirgin ki riƙa tashi kina takawa, akwati kuma wani ya ɗora miki a sama. Ki karɓo rahoton aikin a rubuce, ki kuma tanadi likitan da zai ci gaba da duba ki a gida tun kafin ki tafi. In a nan gida za a yi, ki tabbata likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ƙwararre ne a wannan fanni.

TABO DA BAƘAR FATA

Mu baƙaƙen fata mun fi Turawa saurin yin tabo mai tudu, irin wanda kukan gani ya tsiro wa wata a kunne bayan huji. Abin da ke ƙara haɗarinsa shi ne jan ɗinki tun bai nuna ba, wato dai gaggawar nan da nake ta faɗa. Wadda ta san jikinta ko danginta suna yin irin wannan tabo, ta gaya wa likita tun kafin a taɓa ta. Tabo yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ya kwanta, kuma yana dusashewa ne kawai, ba ya ɓacewa. Ki kare shi daga rana don kada ya yi baƙi ƙirin, in likita ya ba ki man silikon ko filastarsa ki dage da sawa.

Kada ki gasa wurin da ruwan zafi yadda muka saba yi wa targaɗe, kada ki shafa man zafi. Fatar cikin damtse takan mutu na 'yan watanni bayan aiki, tana iya ƙonewa ba ki ji ba. Dilka da halawa da turaren hammata su dakata har sai likita ya ce to. Man bilicin, musamman mai sinadarin sitiroyid, yana sa fata ta yi siriri ta ƙi warkewa. Sigari da shisha suna matse jijiyoyin jini su hana ciwo haɗewa. Mai ciwon suga ko sikila ta faɗi gaskiya tun farko. Kuma lokacin jinya ba lokacin rage cin abinci ba ne. Ki ci ƙwai, wake, kifi, nama, nono, ki haɗa da zogale da lemo da gwaiba, da su jiki ke yin saƙarsa.

Amare, ku matso kusa. Wadda ke lissafin a yi mata aiki saura wata ɗaya biki don rigar dina ta zauna, ta sake lissafi. Gyaran jiki, kamu, rawa, ɗaga hannu a yi hoto, rungumar dangi, jeren ɗaki, duk za su faɗo daidai lokacin da ɗinki yake ɗanye. Ko dai a yi da tazarar watanni masu yawa, ko a bari sai bayan komai ya lafa.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na san wasunku suna tsayawa gaban madubi suna matsa damtse suna tsaki. Fatarku sabuwa ce, tana miƙewa tana komawa, jikinku ma bai gama zama ba. Likitan kirki ba ya yi wa yarinya irin wannan aiki, ko babba ma sai nauyinta ya tsaya wuri ɗaya na watanni. Ku yi tafiya, ku yi tsallen igiya, ku buga ƙwallon raga a makaranta, ku rage lemon kwalba. Na faɗi duk wannan ne don in yayarki ko antinki ko mamarki ta dawo da bandeji a hannu, ki zama ke ce mai karɓe mata taɓarya, mai ɗauke mata yaro, mai ɗaura mata ɗankwali. In ta ce ai na warke, ki tuna mata waina.

Sauri dai shi ke haifar da nawa, sannu kuwa ba ta hana zuwa. Mako shida na haƙuri ba su kai shekarun da za ki yi da tabon ba, ki daure don kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta rubuto, ƙofa a buɗe take. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku ce har kullum.